Kakar 1912/13: Shekarar da Arsenal Ta Faɗi, Ta Kwashe Kayanta Ta Bar Gida

A duk tsawon tarihin Arsenal, sau ɗaya tak ta taɓa faɗowa daga babban rukunin ƙwallon ƙafa na Ingila zuwa rukuni na biyu, kuma a kakar wasa ta 1912/13 abin ya faru. Wasa 38 ta buga a gasar Lig ta wannan shekarar. Ta ci 3, ta yi kunnen doki 12, aka doke ta a 23. Ƙwallo 26 ta zura a raga, ita kuwa aka zura mata 74. Ta ƙare a matsayi na 20 cikin ƙungiyoyi 20, da maki 18. A filinta na gida, gaban magoya bayanta, wasa ɗaya rak ta ci cikin 19.

Mun san 'yan Chelsea da 'yan United na unguwar nan za su haddace waɗannan alƙaluma don su samu abin tsokana ranar Asabar a gidan kallo. To, ba laifi, su haddace. Sai dai labarin ya wuce tsokana. Arsenal ɗin da muka sani yau, ta arewacin Landan, wannan faɗuwar ce ta haife ta. Kafin nan a wata unguwa daban take, da wani suna, da wasu mutane. Abin da ya raba ta da su shi ne abin da muke so mu duba a wannan fitowar.

Ƙungiyar ma'aikata

A kudu maso gabashin Landan, a bakin kogin Thames, akwai wata unguwa da ake kira Woolwich. A nan gwamnatin Birtaniya ta kafa babbar masana'antarta ta ƙera igwa da harsashi da albarushi, mai suna Royal Arsenal. Kalmar Arsenal ma ai ma'anarta ke nan, wurin ƙera makamai da adana su. Dubban mutane ne ke cin abinci a wurin, kuma da yawansu ba 'yan Landan ba ne. 'Yan ci-rani ne daga Sikotland da arewacin Ingila, inda ƙwallon ƙafa ta riga ta kafu.

A ƙarshen shekarar 1886 wasu daga cikinsu suka ce bari su haɗa ƙungiya. Jagoransu wani ɗan Sikotland ne, David Danskin. Kamar yadda tarihin ƙungiyar ya kawo, mutum 15 ne suka yi karo-karon sisi-sisi, Danskin ya ƙara sule uku daga aljihunsa, aka sayi ƙwallo. Suka sa wa ƙungiyar suna Dial Square, sunan wani sashe na masana'antar. Ranar 11 ga Disamba, 1886 suka buga wasansu na farko da Eastern Wanderers, suka ci 6-0. Ba a jima ba suka koma Royal Arsenal.

Abu kamar wasa sai ƙaramar magana ta zama babba. A 1891 ƙungiyar ta fara biyan 'yan wasa albashi, abin da manyan ƙwallo na kudancin Ingila ke kallo a matsayin abin kunya a lokacin. A 1893 ta shiga gasar Lig da sunan Woolwich Arsenal, ita ce ƙungiya ta farko daga kudu da ta shiga. A 1904 ta hau rukuni na ɗaya ƙarƙashin manaja Harry Bradshaw. A 1906 da 1907 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin FA sau biyu a jere. A kakar 1908/09 ta ƙare ta shida. Wanda ya kalle ta daga nesa a waɗannan shekarun zai ce ai wannan ta kama hanya.

Yadda kasuwa ta mutu

Ruwa ba ya tsami banza. Tun ana cikin waɗannan nasarori, ƙasan ƙungiyar ya fara zaizayewa.

Da farko dai akwai maganar wurin zama. Filinta, Manor Ground, yana Plumstead ne, maƙwabciyar Woolwich. Ta arewa kogi ne da fadama, ba gidaje ba, ga shi kuma zuwa can daga tsakiyar Landan wahala ce. Filin kansa ya yi suna wajen taɓo. A gefensa akwai wani dogon tudu da aka binne babbar magudanar ƙazantar birnin a ƙarƙashinsa, mutane sukan hau kai su yi kallo kyauta, har sai da ƙungiyar ta tada nata tudun 'yan kallo ta tare musu gani. Wannan tudun ne aka laƙaba wa suna Spion Kop, sunan wani dutse da aka gwabza yaƙi a kansa a Afirka ta Kudu a 1900. In kun ji ana cewa Kop a filin Liverpool, to asalin sunan ɗaya ne.

Na biyu, mai gida ɗaya ne ke ciyar da garin. In masana'anta ta yi atishawa, kowa a Woolwich sai ya kamu da mura. Lokacin yaƙin Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, aiki ya yi yawa har ma'aikata ba sa samun zuwa kallo ranar Asabar. Da yaƙi ya ƙare kuma sai aka shiga rage ma'aikata, dubbai suka rasa aiki. Wajen 1910 gwamnati ta kwashe sashen ƙera makamin da ake nutsar da jiragen ruwa da shi ta mayar Greenock a Sikotland, ma'aikatan sashen da iyalansu suka bi. Kuɗin shiga kallo sisi ne a wancan zamani, amma wanda ba shi da aiki, sisi ma dukiya ce.

Na uku, kishiyoyi sun shigo. Sama da shekara goma Woolwich Arsenal ita kaɗai ce ke buga gasar Lig a Landan, duk mai son ya ga Aston Villa ko Sunderland dole ya sha wahalar zuwa Plumstead. A 1905 sai ga Chelsea da Clapton Orient sun shiga gasar, Fulham ta biyo a 1907, Tottenham a 1908. Mutumin da ke da fili a bayan gidansa, me zai kai shi fadama?

A zamanin nan babu kuɗin talabijin, babu tallar kamfani a gaban riga. Abin da aka tara a bakin ƙofa, shi ne ƙungiya. Da kuɗin ƙofa ya ragu, sai aka koma sayar da 'yan wasa don a biya albashi. A 1908 kaɗai, mai tsaron raga Jimmy Ashcroft, wanda ya riƙe wa Ingila raga, ya tafi Blackburn Rovers, Tim Coleman da Bert Freeman suka tafi Everton. Freeman ɗin nan a kakarsa ta farko cikakkiya a Everton shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Duk ɗan kasuwa ya san ƙarshen wanda ya fara cin uwar kuɗi. A 1910 bashi ya yi wa kamfanin ƙungiyar katutu, aka ayyana ya karye.

Shigowar Henry Norris

A nan ne wani attajiri ya shigo, Henry Norris. Da gina gidaje da dillancinsu ya yi kuɗi a kudu maso yammacin Landan, shi ne magajin garin Fulham tun 1909, kuma yana cikin masu juya ƙungiyar Fulham. Shi da abokin harkarsa William Hall suka karɓi ragamar Woolwich Arsenal, suka ɗauki nauyin bashinta.

Ba don Allah da Annabi Norris ya zo ba, da lissafinsa ya zo. Fulham tana rukuni na biyu, Woolwich Arsenal tana na ɗaya. Ya nemi a haɗe su biyun su zama ƙungiya guda a filin Fulham, hukumar Lig ta ƙi. Ya nemi ko da raba fili ne su yi, wannan ta buga wannan Asabar, waccan ta buga mai zuwa, nan ma aka ƙi. Dole ya haƙura ya bar ƙungiyar a Plumstead, yana jiran ya ga ko mutanen gari za su dawo kallo. An sa hannun jari a kasuwa don 'yan unguwa su saya, ba a samu yadda ake so ba. Ƙungiyar ta ƙare ta goma a 1910/11, ta sake ƙarewa ta goma a 1911/12, amma aljihu bai cika ba.

A bazarar 1912 aka sake sayar da wani ginshiƙi, Andy Ducat, ɗan wasan tsakiya da ke buga wa Ingila, ya tafi Aston Villa a kan fam 1,000. Da wannan raunin manaja George Morrell ya shiga sabuwar kaka.

Kakar da ba a son tunawa

Kafin mu shiga cikin kakar, yana da kyau matasanmu su san ƙwallon lokacin ba irin ta yau ba ce. Nasara maki 2 ce, ba 3 ba, sai a 1981 aka canza. Babu canjin ɗan wasa, in mutum ya ji rauni sai ku ƙarasa ku goma, ko ya tsaya a gefe yana ɗingishi. Babu lamba a bayan riga. 'Yan gaba biyar ake jerawa, 'yan tsakiya uku, 'yan baya biyu. Dokar satar gida ta fi ta yanzu tsanani, sai da abokan hamayya uku tsakaninka da layin raga, ba biyu ba. A 1912 ɗin ne ma aka hana mai tsaron raga kama ƙwallo da hannu a wajen da'irarsa, da can har tsakiyar fili yana iya kamawa. Albashin ɗan wasa kuma doka ta ƙayyade shi tun 1901, da farko a kan fam 4 a mako, don haka ba da albashi babbar ƙungiya ke ƙwace ɗan wasa ba, da kuɗin saye ne, kuma ƙungiyar da ke jin yunwa ba ta iya cewa a'a.

Woolwich Arsenal ta samu nasararta ta farko a watan Satumba na 1912 a gidan Sheffield United. Daga nan sai ƙofa ta rufe. Daga 28 ga Satumba, 1912 zuwa 1 ga Maris, 1913, wasa 23 a jere ta buga a gasar ba ta ci ko ɗaya ba. Wata biyar cur, jama'a. Har yau ƙungiyar ba ta sake yin irin wannan dogon fari ba.

Babbar cutar ita ce rashin mai zura ƙwallo. Wanda aka dogara da shi, Alf Common, ba ƙaramin suna ba ne. Shi ne ɗan wasa na farko a duniya da aka saya a kan fam 1,000, lokacin da ya bar Sunderland zuwa Middlesbrough a 1905. Ya zo Woolwich a 1910, kuma a kakar 1911/12 shi ya fi kowa ci wa ƙungiyar ƙwallo. Amma shekaru sun ja, jiki ya yi nauyi. Daga Satumba zuwa Disamba na 1912 bai ga raga ba ko sau ɗaya. Aka sayar da shi ga Preston North End a kan fam 250. Abin haushi, a ƙarshen kakar Preston ta lashe rukuni na biyu ta hau sama, Arsenal na sauka Common na hawa.

Kofin FA ma bai share musu hawaye ba. Sai da aka maimaita wasa kafin su fitar da wata ƙaramar ƙungiya, Croydon Common, sannan Liverpool ta zo har Plumstead ta lallasa su 4-1.

A watan Maris aka samu nasara biyu a jere, ɗaya a gidan Manchester City, ɗaya a gida a kan West Bromwich Albion. Ita ce nasarar gida tilo a gasar, kuma ta zo bayan aikin gama ya gama. Sunderland ce ta ɗauki kofin Lig da maki 54, sau uku abin da Arsenal ta tara. Notts County ta ƙare ta 19 da maki 23, suka faɗi tare. Chelsea ce ta 18 da maki 28, da ƙyar ta sha. Tottenham tana ta 17. Kun ga ke nan duk ƙungiyoyin Landan uku a gindin teburi suka taru, manyan ƙwallo a lokacin suna arewa da tsakiyar Ingila.

Ranar 26 ga Afrilu, 1913 aka buga wasan ƙarshe a Manor Ground, da Middlesbrough, aka tashi 1-1. Mutanen da suka zo ba su wuce kimanin 3,000 ba. Ana ba da labarin cewa fam 19 ne kawai ya rage wa ƙungiyar a banki.

Neman sabon mazauni

Tun ana tsakiyar kakar Norris da Hall suke yawon neman fili a ɓoye. Abin da suke nema ba boyayye ba ne: wuri mai cunkoson jama'a, kusa da tashar jirgin ƙasa. Suka same shi a Highbury, cikin gundumar Islington a arewacin Landan, kusan mil goma daga Plumstead, a ɗaya ƙetaren kogi. Filin wasanni ne na wata kwalejin horar da limaman coci mai suna St John's, ita ma bashi ya dame ta. Taku kaɗan ne daga filin zuwa tashar Gillespie Road ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, wadda aka buɗe a 1906, ga kuma tashoshin Finsbury Park da Drayton Park a kusa. Mutum zai iya tashi daga aiki a tsakiyar Landan da azahar ranar Asabar, ya iso kafin a take ƙwallo.

Aka ƙulla yarjejeniyar haya ta shekara 21 a kan fam 20,000. Babban limamin cocin Ingila, Akbishop na Canterbury, yana cikin waɗanda suka sa hannu. Masu fili suka gindaya sharaɗi: ba wasa ranar Kirsimeti, ba wasa ranar Juma'ar da ke gaban bikin Ista. Baƙo ba ya musu da mai masauki, ƙungiyar ta amince. Sai a 1925, da ta sayi filin ɗungurungum a kan fam 64,000, sharaɗin ya faɗi.

Da labarin ƙaurar ya fasu a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 1913, sai aka yi ca daga ɓangare uku. Tottenham, wadda filinta bai wuce mil huɗu daga Highbury ba, da Clapton Orient, suka kai kuka wajen hukumar Lig cewa za a raba musu 'yan kallo. Mazauna Highbury, masu ɗan hali, suka tara sa hannu suna cewa ba sa son a kawo musu hayaniya da 'yan tasha ƙofar gida, majalisar Islington ma ta goya musu baya. Mutanen Woolwich da Plumstead kuwa suka cika jaridun unguwa da wasiƙu, suna zargin Norris da sayar da abin da iyayensu suka kafa. Wasu har suna cewa da gangan ya bar ƙungiyar ta lalace don ya samu hujjar ɗauke ta. Hukumar Lig ta zauna, ta ce dokokinta ba su ba ta ikon hana ƙungiya sauya fili ba. Magana ta ƙare.

Wata huɗu kacal ake da su. Aka kira Archibald Leitch, ɗan Sikotland ɗin da ya zana filayen ƙwallo da dama a Birtaniya, ciki har da Old Trafford. Filin kwalejin a karkace yake, sai da aka cike wani gefe aka sassaƙe wani. Ranar 6 ga Satumba, 1913, rumfar 'yan kallo ba ta ma kammalu ba, aka buɗe da wasa da Leicester Fosse, wadda ita ce Leicester City ta yau. Baƙin ne suka fara ci ta ƙafar Tommy Benfield. George Jobey ya farke, shi ne ɗan Arsenal na farko da ya ci ƙwallo a Highbury. Archie Devine ya ƙara ta biyu da bugun fenareti, aka tashi 2-1. Jobey ya ji rauni a wasan, kuma labarin da ake bayarwa shi ne a amalanken mai sayar da madara aka fitar da shi daga filin.

Lissafin Norris ya fita. A rukuni na biyu ake wasa, amma 'yan kallo sun ninka na Plumstead fiye da sau biyu, kimanin 23,000 a kowane wasa. Ƙungiyar ta ƙare ta uku da maki 49, daidai da Bradford Park Avenue wadda ta zo ta biyu. A lokacin in maki ya zo ɗaya, sai a raba ƙwallayen da ka ci da waɗanda aka ci ka, wanda nasa ya fi yawa shi ne a sama. Da wannan lissafin Bradford ta haye, Arsenal ta zauna. A watan Afrilu na 1914 aka goge kalmar Woolwich daga sunan ƙungiyar.

Hawan da ba a yi a fili ba

A watan Agusta na 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. An dai lallaɓa an ƙarasa kakar 1914/15, Arsenal ta zo ta biyar a rukuni na biyu. Wasanta na ƙarshe, ranar 24 ga Afrilu, 1915, ta ci Nottingham Forest 7-0. Daga nan aka dakatar da gasar shekara huɗu. Ikon Allah, masana'antar Woolwich da rashin aikinta ya kori ƙungiyar, sai ga ta a lokacin yaƙin ta cika maƙil da ma'aikata kusan 80,000. Garin ya cika da mutane da kuɗi, ƙungiyar kuwa ta riga ta tafi.

Da aka dawo a 1919, hukumar Lig ta yanke shawarar faɗaɗa rukuni na ɗaya daga ƙungiya 20 zuwa 22. Derby County da Preston, na ɗaya da na biyu a ƙasa, suka hau. Chelsea, wadda ta ƙare ta 19 a 1915, aka bar ta a sama, domin an gano cewa wasu 'yan wasan Manchester United da Liverpool sun haɗa baki sun sayar da wasan da suka buga ranar 2 ga Afrilu, 1915, kuma wannan cogen ne ya jefa Chelsea ƙasa. Saura gurbi ɗaya. Tottenham, wadda ta ƙare ta 20, tana ganin nata ne. Barnsley da Wolves, na uku da na huɗu a rukuni na biyu, su ma suna ganin sun fi Arsenal cancanta. Ranar 10 ga Maris, 1919 aka kaɗa ƙuri'a: Arsenal 18, Tottenham 8, Barnsley 5, Wolves 4, sauran suka raba ragowar.

Hujjar da aka bayar ita ce daɗewar Arsenal a gasar tun 1893. 'Yan Tottenham kuwa har gobe cewa suke Norris, wanda a lokacin ya zama Sir Henry kuma ɗan majalisar dokoki, ya bi ta bayan gida. Ba a taɓa kawo shaidar cin hanci ba. Abin da yake tabbas shi ne daga baya hukumar FA ta kama Norris da laifin karkatar da kuɗi a wasu harkokin ƙungiyar, ya kai ƙara kotu ya faɗi a 1929, aka raba shi da ƙwallo har abada. Gabar da ke tsakanin Arsenal da Tottenham, wadda muke gani duk shekara a wasan hamayyar arewacin Landan, daga 1913 da 1919 ta samo tushe. Tottenham ta rama a fili, ta lashe rukuni na biyu a 1920, ta ɗauki kofin FA a 1921. Arsenal kuma tun daga 1919 ba ta sake sauka ba, babu ƙungiyar da ta kai ta daɗewa a saman ba tare da yankewa ba.

Ribar ƙaura da kuɗinta

Sauran labarin sananne ne. Herbert Chapman ya zo a 1925, ya kawo kofin FA a 1930 da kofin Lig na farko a 1931. A 1932 ya sa aka canza wa tashar Gillespie Road suna ta koma Arsenal. Baƙon da aka tara sa hannu don a kore shi, cikin shekara 19 sunansa ya hau tashar unguwa. Kuma ga wani abu da zai ba ku mamaki. A kakar 2003/04, wadda Nwankwo Kanu yana cikin tawagar, Arsenal ta buga wasa 38 ba a doke ta ba, ta yi kunnen doki 12, ta zura ƙwallo 73, aka zura mata 26. Ku koma sama ku sake duba alƙaluman 1912/13: wasa 38, kunnen doki 12, ta zura 26, aka zura mata 74. Kamar an kifa ƙwarya.

To amma su mutanen Plumstead fa? Su ne suka yi karo-karon sisi, su ne suka tsaya cikin taɓo shekara da shekaru. Laifinsu ɗaya, masana'anta ta sallame su. Kaɗan daga cikinsu suka bi ƙungiyar, irin su Jack Humble, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko, wanda ya ci gaba da zama darakta a Highbury. Mafi yawa ba su da kuɗin jirgi na zuwa da dawowa duk mako biyu. Manor Ground ya zama kango, daga baya aka rushe shi. Sai a 1921, da Charlton Athletic ta shiga gasar Lig, yankin ya sake samun ƙungiyar da zai kira tasa. Da Norris bai ɗauke Arsenal ba, mai yiwuwa da ta mutu a fadamar nan, kamar yadda Croydon Common ta mutu a lokacin yaƙi. Wannan gaskiya ne. Cewa an ƙwace wa talakawa abinsu aka kai wa waɗanda suka fi su yawa da kuɗi, shi ma gaskiya ne. Masu tarihin ƙungiyar har yanzu suna jayayya a kan wanne ya fi nauyi.

Mu da muke zaune a Sabo ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Layin dogo ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, a 1916 aka keɓe unguwar nan, shekara uku bayan Arsenal ta sauka a Highbury. Kakanninmu fataken goro da shanu hanya suka bi, inda kasuwa ta buɗe nan suka yada zango, a kan ƙasar da masu gari suka ba su bisa sharuɗɗa. Sun san zaman baƙunci, sun san yadda ake haƙuri da maƙwabci har a zama 'yan gari. Sun kuma san cewa duk wanda ya taso ya bar wasu a baya, waɗanda da guminsu aka haɗa masa guzuri. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, shi ya sa dattawanmu ba sa wasa da aike da ziyara.

Arsenal ta goge Woolwich daga sunanta, ta bar Highbury ma a 2006 ta koma filin Emirates. Abu biyu ne ba ta iya gogewa ba: sunan masana'antar, da igwar da ke kan tambarinta. Duk yaron unguwar nan da ya sa jar rigar nan, alamar ma'aikatan Woolwich ce a ƙirjinsa, mutanen da suka haɗa sule goma da sisi suka sayi ƙwallo a 1886.